Tambayoyi da Amsoshi Kan Diyaucin Yukren da Barazanar Maƙwabciyarta Rasha

Tun daga ranar 24 ga Fabrairun 2022, lokacin da sojojin Rasha suka kutsa cikin Yukren daga arewa da gabas da kudu, muhawara kan wannan yaƙi ba ta lafa ba a tsakanin masu bibiyar al'amuran duniya. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda aka fi maimaitawa, kuma dukkansu suna komawa ga magana ɗaya: wane haƙƙi ne ƙaramar ƙasa take da shi idan Allah ya haɗa ta iyaka da wadda ta fi ta girma da ƙarfi?

Mene ne diyaucin ƙasa, kuma ta wace hanya maƙwabciya mai ƙarfi take yi masa barazana?

Diyauci shi ne ikon da ƙasa take da shi na mulkin kanta a cikin iyakokinta, ta zaɓi shugabanninta, ta tsara dokokinta, ta ƙulla ƙawance da wanda ta ga dama, ba tare da neman izinin wata ƙasa ba. Sashe na 2 na kundin Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce dukkan ƙasashe daidai suke a wannan haƙƙi, kuma ya haramta amfani da ƙarfi, ko ma barazanar amfani da shi, a kan yankin wata ƙasa ko 'yancinta na siyasa. A takarda ke nan. A zahiri kuwa, Rasha tana da faɗin ƙasa fiye da murabba'in kilomita miliyan 17, Yukren kuma ba ta wuce 603,000 da ɗoriya ba, wato kimanin kashi biyu cikin uku na faɗin Najeriya. Mutanen Rasha sun haura miliyan 140, na Yukren kuwa sun ɗan ɗara miliyan 40 kafin yaƙi. Idan bambanci ya kai haka, babbar ƙasa ba ta buƙatar harba ko harsashi ɗaya kafin ta sa ƙaramar ta riƙa waiwaye a duk shawarar da za ta yanke, kuma wannan waiwayen shi ne farkon zaizayewar diyauci.

Shin Yukren ƙasa ce mai zaman kanta tun asali, ko kuwa wani yanki ne na Rasha da ya ɓalle?

A watan Yulin 2021 shugaban Rasha Vladimir Putin ya wallafa doguwar maƙala inda ya kafa hujja da tarihi cewa Rashawa da mutanen Yukren al'umma ɗaya ce, kuma Yukren ta yanzu ƙirƙira ce ta zamanin Sobiyet. Gaskiya ne cewa al'ummomin biyu suna danganta asalinsu ga tsohuwar daular da cibiyarta take birnin Kiev fiye da shekara dubu da suka wuce, kuma gaskiya ne cewa yawancin ƙasar Yukren ta daɗe a ƙarƙashin sarakunan Rasha sannan Tarayyar Sobiyet. Amma tarihin da ake kafa hujja da shi yana ɗauke da abin da ke rusa hujjar. A 1863 da 1876 daular Rasha ta fitar da umarni na taƙaita buga littattafai da harshen Yukren, kuma babu gwamnatin da take wahalar da kanta wajen danne harshen da babu shi. A 1932 da 1933 miliyoyin mutane sun mutu da yunwa a Yukren sakamakon manufofin Stalin, shugaban Tarayyar Sobiyet, na ƙwace hatsi daga manoma, kuma wannan tabo yana nan a zukatan jikokinsu.

Abin da ya fi muhimmanci a wajen doka shi ne abin da mutanen suka zaɓa da kansu. Majalisar Yukren ta ayyana 'yancin kai ranar 24 ga Agustan 1991, sannan ranar 1 ga Disamba aka yi ƙuri'ar raba gardama inda fiye da kashi 90 cikin ɗari suka goyi baya. Babu lardi ko ɗaya da masu adawa suka yi rinjaye. A Donetsk da Luhansk, inda ake jin Rashanci a gida da kasuwa, masu goyon baya sun haura kashi 80, a Kirimiya ma sun kai kimanin kashi 54. Dangantakar jini da harshe ba ta ba wata ƙasa mallakar wata, in ba haka ba da babu iyakar da za ta tsaya a duniya.

Rasha ta taɓa amincewa da iyakokin Yukren a rubuce?

Ta amince, kuma ba sau ɗaya ba. Lokacin da Tarayyar Sobiyet ta wargaje, an bar wa Yukren tarin makaman nukiliya mafi girma na uku a duniya. Ranar 5 ga Disamban 1994, a birnin Budapest, Amurka da Birtaniya da Rasha suka sa hannu kan takardar alkawari cewa za su mutunta 'yancin Yukren da iyakokinta, ba za su yi mata barazana da ƙarfi ba, kuma ba za su matsa mata ta hanyar tattalin arziki ba, ita kuma ta miƙa makaman. Zuwa tsakiyar 1996 an kwashe na ƙarshe zuwa Rasha. A 1997 ƙasashen biyu suka ƙulla yarjejeniyar abota wadda ta sake tabbatar da iyakokin, kuma Rasha ta karɓi hayar sansanin jiragen ruwan yaƙi na Sevastopol da ke Kirimiya, wanda hakan kansa shaida ce cewa ta yarda Kirimiya ba tata ba ce, domin mutum ba ya hayar abin da ya mallaka. A 2003 Putin da kansa ya sa hannu kan yarjejeniyar shata iyakar ƙasa tare da shugaban Yukren na lokacin, Leonid Kuchma.

Raunin takardar Budapest shi ne alkawari ce kawai, babu wanda ta wajabta wa aika soja idan aka karya ta. Wannan ne ya sa a yau shugabannin Yukren suke ƙin duk wani sulhu da bai zo da tabbacin tsaro mai ƙarfi a bayansa ba, kuma duk wanda ya san abin da ya faru da alkawarin 1994 zai yi wuya ya zarge su da taurin kai.

Kafin a kai ga yaƙi, da waɗanne hanyoyi Rasha take matsa wa Yukren?

Wannan tambaya ta fi sauran muhimmanci, domin a nan ne ake ganin yadda ake cin diyaucin ƙasa sannu a hankali alhali tutarta tana kaɗawa kuma kujerarta tana nan a Majalisar Ɗinkin Duniya.

Hanya ta farko ita ce iskar gas. Yukren ta gaji masana'antu da gidaje da suka dogara da gas ɗin Rasha mai rahusa, kuma kamfanin Gazprom na Rasha ya riƙa ɗaga farashi ko sauke shi gwargwadon yadda gwamnatin Kiev take tafiya da Mosko. A Janairun 2006 da Janairun 2009, a tsakiyar hunturun da ƙanƙara ke rufe gari, an tsayar da gas ɗin, har ƙasashen Turai da bututun ke kai wa suka ɗanɗana. A 2010 gwamnatin shugaban Yukren Viktor Yanukovych ta karɓi rangwamen farashi, ta kuma tsawaita wa Rasha hayar Sevastopol har zuwa 2042. An sayar da wani yanki na tsaron ƙasa domin samun sauƙin kasafin kuɗi na 'yan shekaru, kuma sojojin da aka tsawaita wa zama suna cikin waɗanda suka taimaka wajen ƙwace Kirimiya bayan shekara huɗu.

Hanya ta biyu ita ce kasuwa da bashi. A 2013, da Yukren ta kusa sa hannu kan yarjejeniyar kasuwanci da Tarayyar Turai, jami'an kwastan na Rasha suka fara tsare kayanta a kan iyaka. A Nuwamba Yanukovych ya janye daga sa hannun, a Disamba kuma Mosko ta yi masa tayin rancen dala biliyan 15 da ƙarin rangwamen gas. Akwai kuma shiga cikin siyasar cikin gida, kamar a zaɓen 2004 inda Putin ya fito fili ya mara wa Yanukovych baya, aka yi maguɗi, jama'a suka cika tituna har kotun ƙoli ta ba da umarnin sake zaɓe. Sai kuma gidajen talabijin na Rasha da ake kallo a gabashi da kudancin ƙasar. Daga baya aka ƙara da fasfo: a Afrilun 2019 Putin ya sauƙaƙa wa mazauna yankin Donbas, wato Donetsk da Luhansk, samun takardar zama ɗan Rasha, aka raba wa dubban ɗaruruwa, sannan aka ce wajibi ne Rasha ta kare 'yan ƙasarta. An riga an gwada wannan dabara a Jojiya, a yankunan Abkhazia da Ossetia ta Kudu, kafin yaƙin Agustan 2008.

Me ya faru a 2014?

Janyewar Yanukovych daga yarjejeniyar Turai ta haifar da zanga-zanga ta tsawon wata uku a dandalin Maidan da ke Kiev, inda aka kashe kimanin mutum ɗari, mafi yawansu a Fabrairu. Shugaban ya gudu zuwa Rasha, majalisa ta tsige shi. Mosko ta kira wannan juyin mulki. Ranar 27 ga Fabrairu sojoji marasa tambari a kakinsu suka mamaye ginin majalisar Kirimiya, ranar 16 ga Maris aka yi ƙuri'ar raba gardama a ƙarƙashin bindiga, ranar 18 aka haɗe yankin da Rasha. Da farko Putin ya musanta cewa sojojinsa ne, daga baya ya amsa. Waɗanda suka fi jin jiki su ne Tatar na Kirimiya, al'ummar Musulmi da Stalin ya kwashe gaba ɗayanta zuwa tsakiyar Asiya a 1944, wadda ba ta samu komawa gida da yawa ba sai a ƙarshen zamanin Sobiyet. A 2016 hukumomin Rasha suka haramta majalisar wakilansu.

A Donbas kuwa yaƙi ya ɓarke tsakanin gwamnati da 'yan aware masu samun makamai da mayaƙa daga Rasha. Yarjejeniyoyin Minsk na 2014 da 2015 ba su tsayar da shi ba, kuma kafin 2022 an rasa rayuka kimanin 14,000 bisa ƙiyasin Majalisar Ɗinkin Duniya.

Ba faɗaɗar NATO, ƙungiyar tsaro ta ƙasashen Yamma, ce ta tunzura Rasha ba?

Wannan hujja tana da nauyin da bai kamata a yi watsi da shi ba. NATO ta karɓi Poland da Hungary da Jamhuriyar Czech a 1999, ta karɓi ƙasashe bakwai a 2004 ciki har da Estoniya da Latbiya da Lituwaniya waɗanda a da suke cikin Tarayyar Sobiyet, kuma a taron Bucharest na 2008 ta bayyana cewa Yukren da Jojiya za su zama mambobi wata rana. Shawarar Bucharest ta yi illa ta fuska biyu: ta fusata Mosko, kuma ba ta ba ƙasashen biyu wata kariya ba.

Sai dai akwai abubuwan da hujjar ba ta iya bayani a kansu. A 2014, lokacin da aka ƙwace Kirimiya, dokar Yukren ta 2010 ta ayyana ƙasar a matsayin 'yar ba-ruwanmu, kuma ƙuri'un jin ra'ayi na lokacin sun nuna cewa masu son shiga NATO tsiraru ne. Mamayar ce ta juya ra'ayin jama'a. Sannan ƙasashen gabashin Turai su ne suka nemi shiga da kansu, saboda sun ga yadda sojojin Sobiyet suka kutsa Hungary a 1956 da Czechoslovakia a 1968. Ko da an yarda cewa Rasha tana da damuwar tsaro ta gaskiya, damuwa ba ta halatta haɗe lardunan maƙwabci ba. Wanda ya ce babbar ƙasa tana da ikon hana ƙarama zaɓen abokanta, to ya yarda cewa diyauci na manya ne kaɗai.

Rasha ta ce tana kare masu jin Rashanci ne kuma tana yaƙar 'yan Nazi. Akwai gaskiya a ciki?

Akwai ƙungiyoyin masu tsattsauran ra'ayin ƙabilanci a Yukren, amma a zaɓen majalisa na 2019 haɗakarsu ba ta wuce kimanin kashi 2 cikin ɗari ba. A wannan shekarar Volodymyr Zelensky, Bayahude wanda Rashanci ne harshensa na farko, ya ci zaɓen shugaban ƙasa da kusan kashi 73. Biranen da yaƙin ya fi ragargazawa, irin su Mariupol da Kharkiv, na masu jin Rashancin ne.

Me ya hana Majalisar Ɗinkin Duniya tsayar da yaƙin?

Rasha tana cikin ƙasashe biyar masu kujerar dindindin a Kwamitin Sulhu, kuma ranar 25 ga Fabrairun 2022 ta hau kujerar na-ƙi a kan ƙudurin da ya yi tir da ita. Aka kai maganar Babban Zaure, inda ranar 2 ga Maris ƙasashe 141 suka nemi ta janye, 5 suka ƙi, 35 suka ƙaurace. Ƙudurin Babban Zaure ba ya tilasta kowa. Ranar 16 ga Maris Kotun Duniya ta umarci Rasha ta dakatar da farmakin, ba ta bi ba. A Maris na 2023 Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta ba da sammacin kama Putin bisa zargin kwashe yara daga yankunan da aka mamaye. Waɗannan matakai ba su tsayar da igwa ba, amma suna da amfani guda: sun hana mamaya ta zama halal a idon doka, kamar yadda yawancin ƙasashen Yamma suka ƙi amincewa da haɗe ƙasashen Baltik, wato Estoniya da Latbiya da Lituwaniya, da Tarayyar Sobiyet na tsawon rabin ƙarni har suka dawo da 'yancinsu a 1991.

Amurka ta mamaye Iraƙi a 2003 ba a hukunta ta ba. Ba munafunci ba ne a yi ta kururuwa a kan Rasha?

Zargin nuna bambanci gaskiya ne. Sakatare Janar Kofi Annan ya bayyana a 2004 cewa yaƙin Iraƙi ya saɓa wa kundin Majalisar, kuma mutanen Sahel suna ɗanɗanar abin da ya biyo bayan rugujewar Libiya a 2011 har yau. Halin da Falasɗinawa suke ciki ya ƙara wa mutane da yawa tabbacin cewa ana auna doka da mudu biyu. Amma abin da ya dace a fitar daga nan shi ne a nemi a yi aiki da dokar a kan kowa. Idan aka ce tunda wani mai ƙarfi ya karya ta to wani ma ya karya, waɗanda za su yi asara su ne ƙananan ƙasashe, domin ba su da wata garkuwa sai ita. Manomin Kherson a Yukren ba shi da hannu a abin da ya faru a Bagadaza.

Ina ruwan Afirka da wannan rikici?

A taron Alƙahira na Yulin 1964 ƙasashen Afirka suka yi alkawarin mutunta iyakokin da suka gada a ranar samun 'yanci, duk da sanin cewa Turawan mulkin mallaka ne suka shata su kuma sun raba al'ummomi gida biyu ko uku. Hausawa sun san wannan a aikace, tsakanin Katsina da Maraɗi, tsakanin Daura da Damagaram. Jakadan Kenya a Majalisar Ɗinkin Duniya na lokacin, Martin Kimani, ya tuna wa Kwamitin Sulhu wannan a Fabrairun 2022, inda ya nuna cewa da Afirka ta bi hanyar haɗa kowace ƙabila a ƙasa ɗaya da ƙarfi, da har yanzu ana zubar da jini. Najeriya ma ta taɓa tsayawa a matsayin babbar maƙwabciya: bayan hukuncin Kotun Duniya na 2002, ta miƙa wa Kamaru yankin Bakassi a 2008 duk da cewa ta fi ta ƙarfi nesa ba kusa ba, kuma duk da zafin da abin ya yi wa mazauna yankin.

A ƙuri'ar 2 ga Maris kan ƙasashen Afirka ya rabu. Najeriya da Nijar da Gana da Chadi sun goyi bayan ƙudurin, Sudan da Afirka ta Kudu sun ƙaurace, Eritiriya ta tsaya tare da Rasha. Ta fuskar rayuwa kuwa, Rasha da Yukren manyan masu fitar da alkama ne, Rasha kuma babbar mai fitar da takin zamani, don haka rufe tashoshin Bahar Aswad ya taɓa farashin burodi da taki har a kasuwanninmu. Dubban ɗaliban Afirka da ke karatu a Yukren, da yawansu a fannin likitanci, sun gudu ta iyakokin Poland da Romaniya da Hungary, kuma wasunsu sun gamu da wariyar launin fata a hanya, abin da Tarayyar Afirka ta yi Allah wadai da shi.

Wace hanya ce ta rage wa ƙaramar ƙasa da ke maƙwabtaka da babba?

Maƙwabtan Rasha sun gwada hanyoyi daban-daban. Finland ta yi yaƙi da Tarayyar Sobiyet a hunturun 1939 zuwa 1940, ta rasa kimanin kashi ɗaya cikin goma na ƙasarta, sannan daga 1948 ta ɗauki hanyar lallaɓawa: ta riƙe dimokuraɗiyyarta da kasuwarta, amma ta guji duk abin da zai ɓata wa Mosko rai a harkokin waje. Abin da masu yabon wannan hanya suke mantawa shi ne Finland ba ta taɓa sakin shirin yaƙi ba, ta ci gaba da aikin soja na dole da tanadin mafaka a ƙarƙashin ƙasa. Da ta ga abin da ya samu Yukren, ta bi karin maganar nan ta idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta shafa wa naka ruwa, ta shiga NATO a Afrilun 2023, Sweden ta bi ta a Maris na 2024.

Belarus ta ɗauki ɗaya hanyar. Shugabanta Alexander Lukashenko ya dogara da man fetur da gas da rancen Rasha, kuma bayan zanga-zangar 2020 kujerarsa kanta ta dogara da Mosko. A 2022 daga cikin ƙasarsa sojojin Rasha suka nufi Kiev.

Dogaro da tallafin Yamma ba wata hanyar rasa diyauci ba ce?

Haɗarin yana nan. Yukren tana yaƙi da makamai da kuɗin da ake yanke shawararsu a Washington da Brussels, kuma an sha gindaya mata sharuɗɗa kan inda za ta iya harba makaman da aka ba ta. A farkon Maris na 2025, bayan sa-in-sar Zelensky da shugaba Donald Trump a fadar White House, Amurka ta dakatar da tallafin soja da bayanan sirri na ɗan lokaci, a ƙarshen Afrilu kuma aka ƙulla yarjejeniyar da ta ba Amurka hannu a ribar sababbin ayyukan ma'adinan ƙasar. Bambancin shi ne matsin abokan ƙawance ana iya jayayya da shi, a sake ciniki, majalisa ta amince ko ta ƙi. Wannan ne ya sa Yukren ta duƙufa wajen ƙera jirage marasa matuƙa na kanta, waɗanda da su ta tilasta wa jiragen ruwan Rasha ja da baya daga yammacin Bahar Aswad, ta sake buɗe hanyar fitar da hatsi bayan Rasha ta fice daga yarjejeniyar hatsi a Yulin 2023.

A kan me ake jayayya idan aka zo maganar sulhu?

Ranar 30 ga Satumban 2022 Rasha ta ayyana haɗe larduna huɗu, Donetsk da Luhansk da Zaporizhzhia da Kherson, alhali ba ta riƙe da dukkan yankunansu, kuma bayan mako shida sojojin Yukren suka koma birnin Kherson. Tare da Kirimiya, Rasha tana riƙe da kimanin kashi ɗaya cikin biyar na ƙasar. Buƙatunta ba su tsaya ga ƙasa ba: tana son Yukren ta yafe shiga NATO har abada, a ƙayyade yawan sojojinta, a sauya dokokinta kan harshe. Buƙatun nan na baya sun fi na ƙasa taɓa diyauci, domin ƙasar da maƙwabciyarta ta ƙayyade mata yawan soja ba za ta iya cewa a'a ba a karo na gaba. Yukren kuma kundin tsarin mulkinta ya ce ba a sauya yankin ƙasa sai da ƙuri'ar raba gardama ta ƙasa baki ɗaya, don haka ko shugaban da ya so miƙa lardunan ba shi da ikon yin haka shi kaɗai. Abin da ake iya tattaunawa a kai shi ne tsagaita wuta a inda dakaru suke tsaye ba tare da amincewa da haɗewar a doka ba, sannan a tantance waɗanne ƙasashe ne za su tsaya wa yarjejeniyar, da wane ƙarfi, da kuma abin da ya wajaba a kansu ranar da aka karya ta.